Cinikin Kwamfutar Wasa: Kada A Sayi Biri A Sama

Ga wata magana da na ga ya kamata in kawo muku, domin ta shafi aljihun iyaye, ta kuma shafi amana tsakanin mai saye da mai sayarwa.

Kwanakin baya wani aminina, attajirin hatsi mutumin Tsafe, ya sauka zaurena a Gusau bayan la'asar, yana riƙe da baƙar jaka, ɗansa na biye da shi kai a sunkuye. Da muka gaisa sai ya buɗe jakar ya fito da kwamfuta irin ta tafi-da-gidanka, wadda yara ke kira laftof, siririya, tana ƙyalli sai ka ce azurfa. Ya ce, "Malam, dubi abin da ya same ni. Yaron nan ya sauke, ya kuma gama sakandare, na yi masa alkawarin abin da ransa ke so. Ya ce kwamfutar da zai riƙa wasan ƙwallo a ciki. Na sayar da masara ba kaɗan ba na biya. Aka zuba wasan, sai ga 'yan ƙwallo suna tafiya kamar masu kurkunu, can kuma ta yi zafi ta ɗauke. Na mayar wa mai shago, ya ce lafiyarta lau, abin da na biya shi aka ba ni."

Na ce masa, "Alhaji, ni da ka ke gani allo da tawada na sani, amma ina da wanda zan tambaya." Na aika aka kira wani tsohon almajirina wanda yanzu gyaran kwamfuta ne sana'arsa. Bai yi minti biyar yana dubawa ba ya ɗaga kai ya ce, "Allah gafarta Malam, mai shago bai yi ƙarya ba, sai dai bai faɗi gaskiya duka ba. Wannan kwamfutar ofis ce, gwanar rubutu da lissafi. Jaki ne mai ƙarfi aka saya aka kai shi sukuwar Sallah."

Maganar nan ta tsaya mini a rai. Tun daga ranar na riƙa zama da yaron nan da marece, yau shi ne malam ni ne ɗalibi, yana buɗe mini cikin kwamfutoci yana nuna mini gaɓoɓinsu. Abin da na fahimta shi ne na tattara a nan, domin hasarar aminina ta zama riba ga waninsa.

Fasali na farko: ma'aikata huɗu da ke cikinta

Ka sani, ya kai mai karatu, kwamfuta gida ce mai manyan ma'aikata huɗu, kowane da aikinsa.

Na farko shi ne furosesa, watau madugun ayari, shi ke tsara aiki yana ba da umarni. Kamfanoni biyu na Amurka suka fi shahara da ƙera shi, Intel da AMD. Na Intel su ne a ke kira Core i3 da i5 da i7, na AMD kuwa Ryzen 3 da 5 da 7.

Na biyu shi ne ram. Misalinsa allo ne: a kansa a ke rubuta abin da a ke karantawa yanzu, da an kashe kwamfuta sai a wanke shi tas. In allo ƙarami ne, tilas almajiri ya yi ta wankewa yana sake rubutu, karatu ya yi nawa. Ana auna shi da gigabait, a rubuta GB. Ga wasannin zamanin nan 4 GB bai isa ba, 8 GB shi ne mafi ƙaranci, 16 GB shi ne kwanciyar hankali.

Na uku shi ne ma'ajiya, kamar gafakar da a ke adana littafi, abin da ke cikinta ba ya gogewa don an kashe wuta. Iri biyu ce. Akwai HDD, tsohon yayi, faifai ne mai juyawa a ciki, yana da nawa, kuma faɗuwa ɗaya na iya halaka shi. Akwai SSD, wanda ba abin da ke motsi a cikinsa, ya fi wancan sauri nesa ba kusa ba.

Na huɗu, wanda dominsa na ɗauki alƙalami, shi ne katin zane, masu shago na ce masa girafik. Fuskar yawancin kwamfutocin wasa tana da ɗigo 1,920 a kwance, 1,080 a tsaye, jimla 2,073,600. Domin motsi ya yi santsi a ido, ana so a sake zana fuskar nan gaba ɗaya sau 60 cikin daƙiƙa guda. Ku 'yan kasuwa ku buga lissafi: ya haura ɗigo miliyan 124 a kowace daƙiƙa. In zanen ya kasa kai sau 30, ido zai fara ganin hoto yana tsalle yana tsayawa. Mai rubuta wasiƙa ko lissafin kanti ba ya bukatar wannan ɗawainiya, don haka kwamfutocin ofis su kan wadatu da ɗan ƙaramin mai zane da ke zaune cikin furosesa, yana aron ram ɗin gidan, irin su Intel UHD. Kwamfutar wasa kuwa tana da katin zane mai zaman kansa, da ram nasa na kansa, kamar GeForce GTX da RTX na kamfanin Nvidia, ko Radeon RX na AMD.

To, ga abin da ya fi kome muhimmanci. Ram ana iya ƙara shi a yawancinsu, ma'ajiya ana iya musanya ta da babba duk ranar da hali ya samu. Amma katin zane an like shi da dalma a jikin babban farantin ciki, yadda ka saye shi haka za ka rabu da shi. Saboda haka mai ƙaramin ƙarfi ya fara zuba kuɗinsa kan abin da ba ya canzuwa, ya bar abin da ke canzuwa zuwa kaka mai zuwa.

Fasali na biyu: a fara tambayar yaro, kana a tafi kasuwa

Kuskuren aminina na farko shi ne ya tafi kasuwa bai san sunan wasan ba. Kowane wasa masu shi su kan bayyana mafi ƙarancin ƙarfin da ya ke bukata, kamar yadda a ke rubuta nauyin da mota za ta ɗauka. Wasannin da yaranmu suka fi so, in an duba gidajen gem na Gusau, ƙwallon ƙafa ne. Akwai PES na kamfanin Konami na Japan, wanda aka sake wa suna eFootball a 2021. Akwai FIFA na kamfanin EA, wanda ya koma FC a 2023. Bayan su sai irin su GTA V, wanda ya fito a kwamfuta a 2015.

Matakan uku ne. Mataki na ƙasa shi ne tsofaffin wasanni irin su PES 2017. Waɗannan ko kwamfutar ofis mai ɗan dama-dama tana ɗaukarsu, in an rage kyan hoto. In an sami mai Iris Xe, wanda Intel ta fitar a 2020, ko mai furosesan Ryzen, har GTA V ta kan ja shi da sassauci. Sharaɗi dai ram ya zama sanda biyu, misali 4 da 4 ko 8 da 8, domin mai zanen da ke aron ram ya fi sauri in ƙofa biyu ce a buɗe gare shi.

Mataki na tsakiya shi ne sabon ƙwallo. Da EA ta fitar da FC 24 ta ce mafi ƙaranci shi ne katin GTX 1050 Ti mai 4 GB, da ram 8 GB, da filin ajiya 100 GB. Ka ga ke nan wasa ɗaya zai cinye kusan rabin ma'ajiya mai 256 GB, don haka 512 GB ya fi dacewa. Kuma mafi ƙaranci ba wurin zama ba ne, bakin rijiya ne. Mai son ya sami sarari ya nemi GTX 1650, wanda ya fito a 2019, ko RTX 3050 na 2021. Nan ne araha da amfani suka haɗu ga yawancin mutane. Kwamfutocin da a kan same su da waɗannan katuna sun haɗa da Acer Nitro 5, da HP Victus, da Lenovo IdeaPad Gaming da LOQ, da Asus TUF, da Dell G15.

Mataki na sama ya fara daga RTX 4050 mai 6 GB na 2023, da 4060 mai 8 GB, zuwa zuriyar 50 da ta fito a 2025. Wanda Allah ya hore wa ya saya zai daɗe bai nemi wata ba, amma maganarmu yau ta masu lissafin kwabo ce.

Lambobin nan suna da karatu. Biyun farko zuriya ce, biyun ƙarshe daraja. A cikin 3050, zuriya 30 ce, daraja 50. Daraja 60 ta fi 50, har ma GTX 1060 na 2016 ya fi GTX 1650 na 2019 ƙarfi. Sai dai tsufa na da nasa haraji, domin a 2025 Nvidia ta sanar cewa za ta daina gyara wa zuriyar 10 hanya ga sababbin wasanni. Akwai kuma wasu katuna masu harafin MX, kamar MX150 da MX250. Sunan Nvidia na jikinsu, kuma da shi a ke tallarsu, amma ƙarfinsu bai kai na sabon ƙwallo ba.

Fasali na uku: tarkunan da ke cikin suna

Tarkon da ya fi kama mutane shi ne i7. Mai saye ya ji bakwai ta fi biyar, sai ya miƙa kuɗi. Alhali kuwa mai sayen doki ba ya tsayawa ga jin cewa ɗan Azbin ne, sai ya buɗe baki ya dubi haƙora. Haƙoran furosesa su ne lambobin da ke bin sunansa. In an rubuta i7-4600U, lambar 4 ta farko tana nufin zuriya ta huɗu, ta shekarar 2013, kuma ƙwaƙwalwa biyu ce a cikinsa. In an rubuta i5-8250U, zuriya ta takwas ce, ta 2017, mai ƙwaƙwalwa huɗu. Wannan i5 ya bar wancan i7 a baya da nisa. Harafin ƙarshe ma yana magana: U na masu tattalin batir ne, H na masu aikin ƙarfi, shi a kan samu a kwamfutocin wasa.

Zuriyar nan tana da wani muhimmanci kuma. Kamfanin Microsoft ya janye kulawarsa ta yau da kullum daga Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 kuwa a ƙa'idarta ba ta karɓar furosesan Intel da ya gaza zuriya ta takwas, ko Ryzen da ya gaza zuriyar 2000. Masu shago sun iya tura ta da dabara cikin tsofaffin kwamfutoci, don haka ganin Windows 11 a fuska ba hujja ba ce. Lambar furosesa ita ce shaida.

Tarko na biyu shi ne a ce maka, "Girafik ɗinta 8 GB ne." Na faɗa a baya cewa ƙaramin mai zane aron ram ya ke yi. Kwamfuta ta kan nuna adadin da zai iya ara, sai wani ya karanta maka wannan adadi kamar dukiyarsa ce. Wanda ke cin bashi ba a lissafa shi cikin attajirai. A buɗe Task Manager, a shiga sashen GPU, a dubi layin da aka rubuta Dedicated, shi ne abin da katin ya mallaka. Layin da aka rubuta Shared aro ne. Wannan tarko shi ya kama aminina.

Tarko na uku ado ne: fitilu ja da kore a ƙarƙashin maɓallai, da zanen dodo a bayan murfi, da takardun da a ke mannawa kusa da maɓallai. Takarda kowa na iya ɓare ta daga wannan ya manna wa waccan. Kyan ɗan maciji ne, ba ya ƙara wa wasa gudu ko taki ɗaya.

Fasali na huɗu: sabuwa ko ta hannu

Ba a ƙera waɗannan gaɓoɓi a ƙasarmu, da dala a ke sayo su. Da Babban Bankin Nijeriya ya saki farashin naira a watan Yuni na 2023, dalar da ke wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024, kuɗin kwamfuta ya bi ta. Saboda haka ban rubuta farashi a nan ba, domin abin da na rubuta yau gobe ya zama tsohon labari. Mai saye ya tambayi shago uku kafin ya buɗe jaka.

Tun da sabuwa ta yi wa talaka nisa, kasuwa ta koma ga na hannu, waɗanda a ke kira tokumbo. Yawancinsu ta Legas su ke shigowa, su sauka Computer Village da ke Ikeja, daga can su hauro Kano, kasuwar Farm Centre da titin Beirut, sa'an nan su iso shagunan Gusau. Mafi yawansu kuwa na ofis ne, irin su HP EliteBook da Dell Latitude da Lenovo ThinkPad, domin kamfanonin Turai da Amurka su kan sake wa ma'aikatansu kwamfuta bayan 'yan shekaru, su sayar da tsofaffin a jimla. Kaya ne masu ƙarko, ga ɗalibi da mai kanti ba su da na biyu. Aibinsu ɗaya ne ga maganarmu, ba don wasa aka yi su ba.

Ta wasa kuwa in ta hannu ce, a tuna irin rayuwar da ta yi. Ta ofis ta yi zamanta cikin sanyi ana rubutu da ita. Ta wasa ta kwana tana gudu cikin zafi a hannun saurayi. Don haka bincikenta ya fi tsanani. Ga wanda zai iya, sabuwa mai ƙaramin kati da garantin shekara ta fi tsohuwa mai babban kati da ba a san tarihinta ba. Wanda bai iya ba, ta hannu ba laifi, muddin ya bi abin da zai zo a fasali na shida.

Aiken kuɗi ga wanda ka gani a Facebook ko WhatsApp da hoton kwamfuta mai arahar ban mamaki, wannan shi ne cinikin biri a sama. Banza ba ta kai zomo kasuwa. In tilas sai daga Kano ko Legas za a kawo, a sami amintacce masani da zai gani da idonsa ya gwada kafin kuɗi su fita.

Fasali na biyar: wuta da zafi da ƙura

Wannan fasali waɗanda suka ƙera kwamfuta ba su rubuta mana shi ba, domin ba a ƙasarmu su ke zaune ba.

Kwamfutar wasa maciyar wuta ce. A juya cajarta a karanta lambobi biyu, a ninka su. Ta ofis a kan ga 19.5 da 3.33, watau wat 65. Ta wasa a kan ga 19.5 da 7.7, watau wat 150, wasu ma sun haura 200. In an zare ta daga wuta ana wasa, da kanta ta ke rage ƙarfi, batir kuma da wuya ya wuce awa ɗaya ko biyu. Mutumin Gusau da ke samun wutar nefa wani lokaci ya yi lissafinsa, amma na ƙauyukan Bungudu da Tsafe da ke dogara ga sola ya fi bukatar lissafi. Batirin sola mai volt 12 da amfiya 100, irin na dalma, abin da ya kamata a ci daga cikinsa bai wuce rabi ba, wajen wat 600 na awa guda. Wasan awa uku na iya cinye 450. Watau yaro ya yi wasansa, fankar gida ta kwana a tsaye. Mai janareta kuma ya sa kuɗin fetur cikin farashin kwamfuta tun daga farko.

Caja ma a tabbata ta asali ce, kuma ƙarfinta ya kai abin da kwamfutar ke nema. Ƙaramar caja ta jabu ta kan hana kwamfuta sakin ƙarfinta, ta kan kuma lalata batir. A haɗa da abin kariya daga haukan wuta, domin dawowar wuta da ƙarfi sau ɗaya ta isa ta ƙone farantin ciki.

Sai zafi. A bazara, watannin Maris da Afrilu, zafin ƙasarmu ya kan haura digiri 40 a inuwa. Furosesa kuwa in ya doshi digiri 100 sai ya ja linzamin kansa don kada ya ƙone, wasa ya fara sarƙewa, in abin ya yi yawa ta ɗauke gaba ɗaya. Saboda haka kwamfuta mai kauri, mai fanka biyu da manyan ƙofofin iska, ta fi siririya dacewa da mu, ko da ta fi nauyi a jaka. Kada a ɗora ta kan katifa ko darduma ko cinya, domin ta ƙasa ta ke shaƙar iska. A sa ta kan tebur, a ɗaga bayanta da ɗan katako.

In hunturu ya shigo kuma ƙura ce abokiyar gaba. Ta kan taru a bakin fanka ta zama kamar auduga, ta toshe numfashi. Bayan kowane hunturu a kai wa mai gyara ya buɗe ya kakkaɓe, in man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya shi ya bushe ya sake wani. Kuɗin wannan kaɗan ne, rigakafi ya fi magani.

A tuna da intanet kuma. Sauke wasa mai 100 GB da data ba ƙaramin kuɗi ba ne, balle bayan ƙarin kashi 50 cikin 100 da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya a Janairun 2025. Wasu wasannin, irin su eFootball, kyauta a ke saukewa, amma yawancin sassansu ba sa tafiya sai da layi. Mu da muka ga rufe layukan waya a Zamfara a watan Satumba na 2021 mun san layi ba abin da a ke jingina da shi duka ba ne. Wasannin da a ke zubawa a shago da araha kuwa galibi kwafen sata ne, akwai haƙƙin masu su, kuma sau da yawa su kan shigo da cutar kwamfuta.

Fasali na shida: gwaji kafin biya

Sai an gwada a kan san na ƙwarai. Kada uba ya tafi shi kaɗai, ya tafi da yaron da kuma masani wanda ba shi da rabo cikin cinikin.

Na ɗaya, a karanta sunan furosesa da katin zane da yawan ram daga cikin kwamfutar kanta, ta Task Manager, a gwama da abin da mai shago ya faɗa. Na biyu, a kunna ainihin wasan da a ke so, a bar shi yana gudu rabin awa. Kwamfuta mai ciwon zafi lafiya lau ta ke a minti biyar na farko. A saurari fanka, a sa hannu a bakin iska, a lura ko hoto zai kawo layuka ko ɗigogi masu launi, domin wannan alamar katin zane ne mai jinya, wanda wataƙila an taɓa gasa shi don ya farfaɗo na 'yan makonni. Na uku, a sa masani ya fito da rahoton batir da Windows ke bayarwa, yana nuna abin da batir ke ɗauka ranar da aka ƙera shi da abin da ya ke ɗauka yau. Na huɗu, a taɓa kowane maɓalli, a gwada kowace ƙofa, a buɗe murfi a rufe a ji ko ƙyaurensa ya saki. Na biyar, a juya ta a dubi kusoshi, in kawunansu sun cinye an sha buɗe ta. Na shida, a shiga BIOS a tabbata ba a kulle shi da kalmar sirri ba, kuma ba ta ɗaure da sunan wani kamfani. Na bakwai, a tambaya ko akwai gurbin ƙara ram.

Bayan wannan sai rasit, a rubuta lambar jikin kwamfuta da sunan katin zane a kansa, domin ya zama kariya in ta fito kayan sata ce, ya zama hujja in an yi gardama. Sa'an nan a yanka wa'adin gwaji a rubuce. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Malamanmu na Malikiyya sun yi bayanin zaɓi cikin ciniki tun da daɗewa, suka ƙaddara wa dabba kamar kwana uku, gida kamar wata guda, suka kuma tabbatar wa mai saye haƙƙin mayar da kaya in ya sami tsohon aibi da aka ɓoye masa. Mai shagon da ya ƙi yarda da 'yan kwanaki na gwaji ya riga ya faɗa maka abin da ya sani game da kayansa.

Ku kuma 'yan'uwa masu shaguna, mafi yawanku mutanen kirki ne masu neman halali. In dattijo ya zo ya ce ta wasa ya ke so, kun kuwa san wadda ke hannunku ba za ta iya ba, ku faɗa masa. Ribar yini ɗaya ba ta kai amincin da zai sa ya aiko muku ƙannensa da maƙwabtansa ba.

Kammalawa

Kafin a rufe magana, uba ya tambayi kansa ko lalle kwamfuta a ke bukata. In wasa ne kaɗai, PlayStation 4 ta hannu, wadda ta fito tun 2013, sau da yawa ta fi araha, kuma FC 25 ya fito a kanta a 2024. Fifikon kwamfuta shi ne tana bin yaro makaranta. Jarrabawar JAMB tun 2015 da kwamfuta a ke yin ta, kuma wanda ya shiga Jami'ar Tarayya ta Gusau ko kwalejin kimiyya da fasaha ta Ƙaura Namoda zai bukace ta kullum. Katin zanen da ke gudanar da ƙwallo shi ne kuma ke aikin zanen gini da haɗa bidiyo, waɗanda sana'o'i ne da matasa ke ci da su yau. Batun iyakar wasa kuwa yana hannun uba, kuma ya fi sauƙi a yanka sharaɗi kafin a miƙa jaka: lokacin salla da na karatu da na barci ba na gem ba ne.

Aminina dai bai sami mayar da tasa ba, domin ba rasit mai bayani, ba wa'adi. Ya sayar da ita ga wani ɗalibi, bayan ya gaya masa abin da ta iya da abin da ba ta iya ba, ya yi hasarar wani abu daga kuɗinsa. Ya ƙara kaɗan, almajirina ya raka su, suka zauna a shago rabin awa yaro na buga ƙwallo mai shago na kallo, suka ɗauko wata mai kauri, baƙa, mai GTX 1650 da ram 8 GB, da niyyar ƙara wani 8 bayan girbi.

Da ya zo yi mini ban kwana zai koma Tsafe, sai ya yi dariya ya ce, "Malam, shekara talatin ina cinikin hatsi, ban taɓa biyan kuɗin buhu ba sai na soke shi na ga ƙwayar a tafin hannuna. Ban san abin da ya sa na manta da wannan ranar da na shiga shagon kwamfuta ba."

Allah ya sa albarka cikin nemanmu, ya shirya mana zuriya. Wassalam.